Hannun Ƙarfe a Kwanar Kiret

Har yau idan mai faci ya saki iska daga taya, sai in ji wuyana ya ƙage. Irin hucin da hannun ƙarfen nan yake yi ke nan kafin ya fito.

Wata bakwai ina aiki a wani kamfanin ruwan roba a unguwar masana'antu ta Idu. Da na gama sakandare, yayata da ke aure a Karmo ce ta samo min, na baro Mama a Karshi da buhunan gyaɗarta. Wurin tsayuwata ana ce masa kwana. Kiret ɗin ruwa suna tahowa a jere kan dogon bel. Idan ɗaya ya iso ƙarshe, sai hannun ƙarfe ya fito daga gefe ya tura shi layi na biyu, inda rololin ƙarfe da sarƙa ke juyawa daga ƙasa suke gangarar da shi wajen masu lodi. Aikina in lura kada kiret ya karkace a wannan mahaɗar.

Kuma yana karkacewa, ya maƙale, na baya su taru a kansa. Akwai jar igiya a saman kanmu, da an ja komai ya tsaya, amma ba mai taɓa ta, don layi na tsayawa Oga zai fito daga ofis yana tambayar wa ya mutu. Abin da aka koya min daban ne. Wata Bagwariya ce ta koya min, ta girme ni nesa ba kusa ba, Anti muke ce mata.

"Ka ji shi ko?" ta ce, da Hausarta ta kasuwa. "Fsss, ɗaya, biyu, uku, huɗu, fsss. Ɗaya zuwa uku naka ne, ka gyara kiret ka cire hannu. Huɗu nashi ne. Ka yi wasa da huɗu, ka koyi cin tuwo da hagu."

Na haddace. A cikin keke ƙirgawa nake, wajen wanke-wanke ƙirgawa nake. Har na fara jin kaina gwana.

Dokar wurin ita ce ƙaramin hijabi, a cusa shi cikin rigar aiki. Amma ba mai yin salla da wannan, kowace tana da dogo a jaka. Bi da bi muke zuwa Azahar a bayan sito, wata ta riƙe miki wurinki, ke ma ki dawo ki riƙe mata. Ran nan layi ya yi tsawo a famfon alwala, ana ta tsiya wai kamfanin ruwa ba ruwa. Ina sallamewa na hango Anti tana ɗago min hannu, tana riƙe da wurina da nata. Sai na ruga da dogon hijabina a kan rigar aiki, da niyyar in cire da zarar na samu sarari. Duk muna yin haka.

Ina tsayawa kiret ya karkace. Na ji fsss, na ce ɗaya, na sunkuya. A biyu hannun ya fito.

Ya doke ni a gwiwar hannu ya haɗa ni da kiret ɗin. Bakin hijabin ya shige tsakanin rola biyu, sarƙa ta karɓa. Ba da ƙarfi ta ja ba, a hankali, kamar mai naɗe zare. Kaina ya yi ƙasa, haɓata ta taɓa ƙarfe. Na ji warin giris. Na ga wani murfin roba shuɗi a ƙarƙashin injin, na kuma tsaya kallonsa, ban san dalili ba. Na nemi salati a bakina na rasa.

Anti ce ta ja igiyar, sannan ta zaro wuƙar yanka kwali ta tsarga hijabin daga ƙeya. Tana jijjiga ni tana cewa, "Yi numfashi mana, yarinya! Ka so ka kashe ni ne?"

Kwana uku ina kwance a Karmo, da jan shati a wuya. Yaya ta ce, "Ko ki bar aikin nan, ko in kira Mama." Na roƙe ta ta ba ni mako guda. Ni ba shatin ne ya hana ni sukuni ba. Na san na ƙirga daidai. Da kuskure na yi, da sai in ce gobe zan kula. To mutum ya yi daidai kuma abu ya same shi, da me zai koma?

Ran da na koma ban iya ƙarasawa kwana ba, na tsaya jikin bango. Baba makaniki, wani dattijo Bazazzagi da ke gyaran injinan, ya gan ni. Lokacin hutun cin abinci ya kira ni, ya tsayar da bel da rololin, ya bar hannun a kunne. Ya nuna min wata 'yar fitila ja a gefen bel, ba ta fi ƙwayar wake ba. Wata bakwai ina tsaye kusa da ita, na ɗauka alamar akwai wuta ce. Ya ɗaga tsumman hannunsa ya gitta shi ta gabanta. Fsss. Hannun ya fito ya tura iska.

"Ba ya ƙirga, 'yata," in ji shi. "Gani yake. Duk abin da ya tare wannan ido, a wurinsa kiret ne. Hijabinki ya gani."

"To ɗaya zuwa huɗun fa, Baba?"

"Tazarar kiret ce. Su suke zuwa a daidai, ba shi ba."

Anti na bayana da kwanon abincinta. "Shekara nawa ina ƙirga wa wannan ɗan banza!" Ta yi dariya, sannan ta rufe kwanon ba ta ci ba.

Na daɗe ina juya wannan. Da kunne muka koyi injin, kamar waƙa, wannan ta koya wa wannan, ba wadda aka taɓa nuna wa cikinsa. Ita ma Anti wata ce ta koya mata, kuma don ta tsare min hannu ta koya min.

Oga ya kira ni bayan hutu. Ya ce laifina ne na shigo da dogon hijabi, kuma bai yi ƙarya ba. "Za ki tsaya ko in sa wata?" Na ce zan tsaya.

Kiret na farko da ya karkace, hannuna ya tafi da kansa, bakina har ya ce ɗaya. Na janye shi na ja igiyar. Wurin ya yi tsit, kowa ya juyo, na gyara kiret ɗin. Masu lodi suka hau gunaguni, wani ya ce Hajiya birki ta dawo. Sau uku na ja kafin a tashi. A na ukun Oga bai yi faɗa ba, ya dai ce zuwa ƙarshen wata zai san abin yi da ni.

Na faɗa wa Yaya zan ci gaba da zuwa har ƙarshen watan. Mama kuwa da ta kira jiya ta ce muryata ta dushe, na ce mata sanyin wurin aiki ne.