Mai Riƙon Gorar Eriya

A Romi in ka tambayi gidan Filibus Yashim, sai a yi ta kallon juna. Amma ka ce Baba Eriya, ko mai gasa masara a bakin titi za ta nuna maka ƙofar. Shi kansa ba ya jin haushin sunan. In an kira shi da shi sai ya gyara zama, don ya san za a nemi labari.

Daga Zonkwa ya zo Kaduna yana saurayi, da akwatin ƙarfe da takardar gama makarantar koyon sana'a. Ya samu aiki a wata masaƙa a Kakuri yana gyaran inji. Hannunsa na da kyau ƙwarai: injin da ya gagari mutum uku, Filibus zai kasa kunne ya saurare shi, ya ɗaure ƙusa ɗaya, ya tashi. Bakinsa ne dai Allah bai ba shi ba. A coci ma in an ce ya yi addu'ar rufewa, gumi yake yi kamar mai ɗaukan buhu.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, yana haya a wani gida mai ɗaki takwas a Kakuri. Talabijin ɗaya ce a duk gidan, mai hoto baƙi da fari, ta Oga Uchenna mai sayar da kayan gyaran mota. Uchenna ba marowaci ba ne. Kowace Alhamis da ƙarfe bakwai da rabi na yamma yakan buɗe falonsa, matarsa Mama Ngozika ta shimfiɗa tabarma, 'yan haya su cika ɗakin don kallon wani wasan barkwanci da ake yi a kan mutanen da ke layin famfo.

Matsalar ita ce eriya. An ɗaura ta a kan doguwar gora a jikin katanga, bayan tagar falon, kuma wuri ɗaya tak take kama hoto. Da an saki gorar sai ta juya abinta, allon ya cika da yayyafi. Dole wani ya tsaya a waje ya riƙe. Ranar farko aka ce Filibus ya taimaka, tun da shi ne makanike. Ya fita ya riƙe, daga ciki ana ce masa ya juya kaɗan, ya koma, ya tsaya a nan.

A wannan ranar Malama Dorcas, 'yar Kwoi mai koyarwa a firamare, ta makara, ba ta samu wuri ba sai benci na jikin taga. Ta leƙa ta ga mutum tsaye da gora, sauro na cinsa, ana dariya a ciki shi bai san dalili ba. Tausayi ya kama ta, ta fara gaya masa abin da ake yi, a hankali don kada ta dami jama'a.

Sati na biyu ba wanda ya roƙe shi, da kansa ya fita. Ita ma ba ta makara ba, amma bencin tagar ta zaɓa.

Haka aka yi shekara biyu. Mutumin da ke tayar da injin masaƙa ya rasa yadda zai ɗaure gora ɗaya da waya. In Uchenna ya yi maganar, sai Filibus ya ce yana nazarin abin. A wurin aiki kuwa ya yi ta musayar aikin yamma da abokai, har suka ɗauka wata ƙungiyar addu'a yake zuwa ranar Alhamis.

A wasan akwai Garba mai facin taya da Kande mai waina. Ba su ne manyan 'yan wasa ba, masu faɗa a kan bokiti su ne ke ba da dariya. Amma kowane sati Garba zai zo sayen waina, Kande ta ƙara masa guda ɗaya ba ta dube shi ba, shi kuma ya ɗauke mata bokitin ruwa yana ƙorafin ciwon baya. Ba wanda ya taɓa furta komai a cikinsu. Wannan jan rai shi ya kama matan gidan. Mama Ngozika ta sha rantsuwa cewa in Garba bai yi magana sati mai zuwa ba ta daina kallo, kuma ita ce ke riga kowa zama. Ta ce da ya faɗa tun farko, da tuni ta manta da su. Daɗin yana wurin wainar nan guda ɗaya.

Filibus bai taɓa ganin fuskar Garba ba. Duk abin da ya sani ta tagar nan ya shigo kunnensa, da muryar Dorcas. Takan ce masa Garba ya buɗe baki ya rufe. Takan ce Kande ta daɗe tana kallon bayansa. Wani lokaci ta ce Kande ta tambaya, shin mutum zai tsufa a tsaye ne? Filibus ya girgiza kai ya ce lallai wannan Garba sakarai ne. Dorcas ta ce ita ma haka ta gani. Ana gama wasan sai ta miƙo masa man shafawa na sauro ta taga, ya ce na gode Malama, ta ce sai da safe Malam Filibus, kowa ya shige ɗakinsa. Yana sonta har cikin ransa, kuma ya san in ba gorar nan ba, ba shi da wata hanyar tsayawa kusa da ita na rabin awa.

Sai ga Uchenna ya gaji da nazarin Filibus. Wata Asabar ya kawo George mai walda, aka kafa dogon ƙarfe, aka zuba siminti, aka ɗaure eriya ta tsaya cak. Gorar kuwa Mama Ngozika ta mai da ita abin shanya.

Alhamis ta zo, aka shigo da Filibus da girmamawa, aka zaunar da shi a kujerar mai gida, har da lemon kwalba. Ya zauna kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Dorcas tana bencinta, amma yau ba wanda za ta gaya wa abin da ake yi. Ya ga Garba a karon farko, wani gajere mai tumbi da sanƙo. Ya ga an ƙara waina, an ɗauki bokiti. Duka duka abin bai kai minti biyu ba, sai aka koma faɗan layi. Shi kuwa ya saba jin labarin Garba da Kande ya cinye rabin shirin.

Da aka tashi ya tsaya taya Mama Ngozika naɗe tabarma, ya tambaye ta ko a wane sati ne Kande ta ce mutum zai tsufa a tsaye. Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce ita ba ta taɓa fashin kallo ba, kuma Kande ba ta taɓa faɗin haka ba. Sannan ta ƙara da cewa, mai gyaran inji, a je a gyara kunne.

Sati na gaba Dorcas ba ta fito ba, ta aiko cewa tana duba littattafan 'yan aji. Filibus ya zauna a kujerar girma, bai ko taɓa lemon ba. Tsoro ya kama shi sosai, ya ga abin da ya riƙe shekara biyu yana zamewa.

Alhamis ta uku, da ƙarfe bakwai da rabi, ya wuce ƙofar falon ya zagaya baya, ya kama ƙarfen nan da ke cikin siminti da hannu biyu ya tsaya. Uchenna ya leƙo ya ce, "Filibus, wetin? Mene ne kuma? Ai ba ya motsi." Ya ce ya sani. Dariya ta tashi a falon, har ta kai ɗakin Dorcas. Jim kaɗan sai ya ji an ja bencin taga.

Ya ce, "Malama, me Garba yake yi?"

Ta ce, "Yana tsaye, kamar kullum."

Ya ce, "To ki gaya wa Kande, ranar Asabar Garba yana so ya je Kwoi ya gai da su Babanta."

Ta matso bakin taga. Sannan ta ce, "Kande ta ce motar farko da ƙarfe shida take tashi. Kada ya makara."

A cikin falon ba wanda ke kallon allo. Mama Ngozika ce ta fara guɗa.

An ɗaura aurensu bayan girbi. Garba da Kande na talabijin kuwa har aka daina wasan ba su wuce waina da bokiti ba, kuma Baba Eriya ya ce hakan ya yi masa daidai. Masaƙa ta rufe daga baya, ya buɗe shagon gyaran janareta, suka gina gida a Romi, suka aurar da 'ya'ya huɗu. Har yau yana faɗa da wasannin zamani. Wai tun ba a gama rubuta sunayen 'yan wasa ba an ce ina sonki, to me ya rage mutum ya dawo ya gani sati mai zuwa?

Idanun Mama Dorcas sun yi rauni 'yan shekarun nan, allo ya zame mata hazo. Da yamma sai ya ja kujerarsa kusa da tata, ya riƙa gaya mata abin da ake yi. Jikokinsu sun ce Baba yana ƙari, don sun ji shi yana cewa tsohon da ke cikin wasan ya kalli matarsa ya ce har yanzu ba kamarta, alhali tallan sabulu ake yi. Sun kai ƙara wurin Mama. Ta ce su bar shi, ita ta koya masa.