Yadda Motar Kalilu Ta Dafa Miya

A Jibiya, in ka ce Kalilu kawai, sai a tambaye ka wanne. Amma ka ce Kalilu Mai Miya, ko tsohuwar da ta daina fita ta san shi.

Sunan ya samo asali ne wata Lahadi, ranar kasuwa, tun turawa ba su tafi ba. Kalilu ya iso shingen kwastan daga Maraɗi, motarsa na huci. Wani ɗan kwastan mai sabon kaki ya ce a ɗaga masa bonet ya ga abin da aka ɓoye. Kalilu ya roƙe shi a bari ta huce, ɗan kwastan ya ce shi ba shi da wannan lokacin. Ana ɗagawa ya sunkuya, sai toshiyar icen da ke bakin lagireto, wato tankin ruwan sanyaya inji, ta yi sama, wani koren ruwa mai yauƙi ya biyo bayanta. Allah ya tsare fuskarsa, amma kakin kam ya sha. Ya shafo da yatsa, ya sansana, ya ce, "Direba, wannan ai miyar kuka ce."

Ita ce kuwa.

Kalilu mutumin Riko ne, a soja ya koyi tuƙi, har ƙasar Bama ya je yaƙi. Motar ma tsohuwar ta soja ce da aka yi gwanjonta bayan yaƙi, amma ba tasa ba ce. Ta Hajo ce, wata dattijuwar 'yar kasuwa mai kai goro da atamfa Maraɗi, can ƙasar Faransi, wadda ba ta yarda kayanta su yi tafiya ba ita. Kullum tana gidan gaba, gefen direba, tana lura da komai.

A bazarar wannan shekara motar ta tsiri zafi. Kafin a kai Magama ta fara tafasa, sai a tsaya a rana ana mata fifita, jakuna na wuce su. Da abin ya ishi Hajo ta ce, "Kalilu, ni ba tukunya na saya ba. In ta sake zaunar da ni a hanya, makullin nan wani zan ba." Kalilu kuwa iyali gare shi, kuma a lokacin motocin garin ba su kai yawan direbobin da ke jiran su ba.

Babu abin da bai taɓa ba. Ya ɗaure fanbel, bel ɗin fankar inji, har yana kuka. Ya sake tiyo. Ya zargi ruwan gulbi da yashi, ya koma tace shi da rawaninsa. Ya kwanta ƙarƙashinta, ya fito baƙi ƙirin, ya zage ta, ya dawo ya lallashe ta. A ƙarshe ya gano wata 'yar ɗiga a gindin lagireton, wadda ko kaza ba za ta ƙoshi da ita ba, ya ce to ga ɓarawon. Manu, wani direban Maraɗi, ya ce masa ai wannan da sauƙi, su can ɗan garin kuka suke barbaɗawa a ruwan, ya bi ya liƙe ƙofar. Ɗan kaɗan Manu ya ce. Amma Kalilu ya riga ya ƙufula. Ya zuba hannu guda, ba ta daina zafi ba, ya ƙara. Duk inda ta tsaya sai ya ƙara. Ruwa ga shi, wuta ga ta, kuka ga ta, abin da ya rage gishiri ne da daddawa.

Da haka aka kai ga abin kwastan. Kashegari ya kai motar bakin gulbi don ya wanke mata ciki. Kafin ya kai ga lagireton sai da ya kwance salkunan Hajo, manya guda biyu na fatar akuya, waɗanda tun shigowar zafi ta sa yake rataya su a hancin motar, don iskar tafiya ta sanyaya mata ruwan sha. Ya ajiye su gefe, ya wuni yana ɗuraye miya. Da ya gama ya ɗana ta har Magama ya dawo. Lafiya lau, ko gumi ba ta yi ba. Cikin murna ya cika salkunan, ya mayar da su inda suke, ya sake kama hanya don ya tabbatar. Bai yi nisa ba ta fara huci.

Ya fito ya tsaya gabanta, ya daɗe yana kallon salkunan nan da suka toshe duk inda iska za ta shiga.

Saura gaya wa mai su. Ya same ta a zaure tana ware goro, ya durƙusa.

"Inna, na gano ciwon."

"Wace miya ce kuma yau?"

"Ba miya ba ce. Salkunanki ne ke hana ta shan iska."

Hajo ta ɗago ta dube shi. "Wato ni ce na dafa motata."

"Ni ban ce ba, Inna."

"To wa ke rataya su?"

"Ni ne."

"Kai da ka je har Bama, ba a koya maka da hanci ake numfashi ba?"

Makulli dai ya zauna hannunsa, ya kuma tuƙa ta har ta tsufa ta zama wurin kwanan kaji. Salkuna suka koma gefe, inda ruwan bai cika sanyi ba, kuma duk kurɓar da Hajo za ta yi sai ta sanar da shi haka.

Yanzu ya manyanta, yana zama a tasha cikin direbobi. Ba a rasa mai tsokanarsa, a ce, "Baba Kalilu, yau da me za mu ci tuwo?" Ba ya fushi, sai dai ya yi tsaki ya ce, "Ku miyar ta dama. Ni abin da ke ci mini rai har yau, bazara guda ina kwance ƙarƙashin mota ina neman ciwo, ashe yana rataye a hancinta, kuma kowace safiya ni ke cika shi da ruwa."