Igiyar Baba Soja

Sanyi na fara ji a idon sawuna. Ina tsugune cikin babban kanal ɗin ban ruwa da ke bayan gonarmu ta tumatir ina wanke kwanduna. Ruwan da ɗazu bai rufe yatsuna ba sai ga shi yana lasar ƙwaurina, karan shinkafa da ledoji suna wucewa a guje. Ashe an sako ruwa daga madatsa. Na yunƙura zan haye gefe, simintin duk gansakuka, santsi ya kwashe ni.

Kakana na wajen uba shi ake kira Baba Soja, bara Allah ya yi masa rasuwa. Tun yana saurayi ya shiga soja, ya dawo da tabon harsashi a kafaɗa, in aka tambaye shi sai ya ce, "Sauro ne, na can manya ne." Zaman ɗaki ba ya cikin jininsa. Yana fitowa daga sallar asuba zai saɓa fatsa ko bindigar toka, kafin hantsi ya dawo da tarwaɗa ko fakara ya zube wa Iya, kakarmu. In an dafa, shi ke rabo da hannunsa, kuma ƙaramin cikinmu ke samun tsoka mafi kyau. Ni kurtu yake ce mini.

Mu jikoki mata ya fi matsa wa, wai maza sun iya iyo, mu kuwa mu ke yini a bakin ruwa. Sai ya jera mu a tsakar gida kamar fareti.

"Kurtu! Ruwa ya ɗauke ki, me za ki yi?"

"In tuɓe hijabi, in kwanta rigingine, ƙafa a gaba."

"Sai me?"

"In ɗaga hannu in jira igiya."

Igiyar kuwa tasa ce. A kwanar kanal, ƙasa da inda muke wanki, ya kafa turakun ƙarfe biyu ya ɗaure ta ta tsallaka ruwan, kuma duk farkon noman rani sai ya sake sabuwa. Masu ban ruwa suna tsokanarsa, "Soja, kifin naka shanya yake yi?" Iya ta fi kowa mita: "Akuyata ba ta da maɗauri, kai kana yi wa kwaɗi lilo."

Da ruwan ya juya ni, muryarsa na ji tar. Hijabin ya naɗe mini wuya, da kyar na fizge shi. Na kwanta rigingine, na ɗaga hannu, ina salati ina shan ruwa. Nan wani tunani ya faɗo mini: shekara guda ba ya nan, rana da damina sun gama cin igiyar, wa zai sake ta?

Sai wani abu ya daki damtsena. Na cafke. Ta yanke mini tafin hannu, amma ba ta tsinke ba, har wasu manoma suka jiyo ihuna suka jawo ni.

A asibitin Kura, muna jiran a duba ni, Iya na riƙe da hannuna da aka naɗe. Na ce, "Iya, igiyar nan sabuwa ce fa, shuɗiya."

Ta kawar da kai. "To wa zai sake in ba ni ba? Mutumin nan ya tafi ya bar ni da aikinsa. Ubanki na tisa a gaba, har gefe na tsaya sai da na ga ya ɗaure irin ɗaurinsa."

Bayan la'asar ma'aikaciyar jinya ta zo ta saurari ƙirjina, gaba da baya, ta daɗe. Sannan ta ce ruwa bai taɓa huhu ba, in kwantar da hankalina, babu sauran abin tsoro.

Iya ta share ido da gefen mayafi. "Kin ji ko, kurtu? Tashi mu tafi gida."