Ƙurajen Zafi a Garin Sanyi

Da na haifi ɗana na fari a Tudun Wadan Jos, goggon mijina ce ta zo daga Kano ta yi mini zaman jego, don mahaifiyata ta rasu. Tun a tasha ta sauka da ra'ayinta: wai sanyin Jos kisa yake yi. A watan Maris fa, lokacin da mu 'yan gari muke neman mafici!

Ranar da ta iso ta karɓe jaririn. Riga, suwaita, wata suwaitar, hular ulu, safa, sannan bargo. Ta rufe taga, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ta ajiye kaskon gawayi kusa da gado. Ita kanta gumi take sharcewa da bakin zani, amma ko gezau.

Ba a jima ba wuyan yaron da hammatarsa suka feso da ƙananan ƙuraje jajaye. Ya ƙi barci, kuka har muryarsa ta dishe. Ni kuwa ba bakin magana. Ɗan fari ne, ana son in yi kara, in nuna kamar ban san da shi ba. Ina jin kukansa, ina zaune ina kallon bango kamar baƙuwa.

Goggo ta duba, ta yanke hukunci: ƙyanda ce, sanyi ya hana ta fitowa sosai. Ta hana a yi masa wanka, ta ƙara bargo, ta shafe shi da man kaɗanya. Na yi wa mijina raɗa da ya dawo daga aikinsa a kasuwar Katako, ya kakkaɓe garin katako daga rigarsa ya ce, "Ita ta goye ni, ga ni da raina." Hujja ke nan wai.

Sai da fatar wuyan ta fara saluɓewa aka yarda muka je asibiti. Nas ɗin, wata 'yar Filato da Hausarta ba ta raba mace da namiji, ta yi ta ɓare masa kaya kamar albasa.

"Wane ne maman yaron nan?"

Na sunkuyar da kai.

"Madam, kana so ka dafa shi ne? Ba ƙyanda ba ne, ƙurajen zafi ne. Ka yi masa wanka, riga ɗaya mara nauyi, ka bar iska ya taɓa shi. Kai ba ka da ido?"

Goggo ta gyara mayafi, ta yi ajiyar zuciya. "Faɗa mata dai, 'yar nan. Yaran yanzu sai haihuwa, ba su san raino ba."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na sunkuci ɗana daga shi sai nafkin, na rungume shi a gaban kowa.

"Ke!" in ji Goggo. "Ɗan farin? Ba ki da kunya?"

"Ba ni da ita, Goggo," na ce. A kafaɗata ya yi barci kafin mu kai bakin titi.