Turmina a Jarrabawar Jaz

Shekarar da 'yar yayana ta zo Alƙahira yin digiri na biyu a kwalejin kiɗa, a wurinmu ta sauka, unguwar Hayyin Ashir, hawa na huɗu. Jaz take karanta. Ni ko firamare ban ƙarasa ba, na tambaye ta mene ne shi, ta yi ta bayani har miyata ta kusa kamawa. Abin da na tsinta shi ne makaɗa su tashi tare, kowa ya kama gabansa, can su dawo su haɗu.

Kafin a ba ta shaidar kammalawa sai ta tsara kiɗa na kanta, ta buga gaban malamai. Sau biyu malaminta yana mayar mata da shi, wai babu rai. Saura dama ɗaya. Ranar da ta ji ina dakan yaji sai ta faɗo kicin, ta ce a kan wannan bugun za ta gina komai.

Nan wahalata ta fara. Ta kafa na'urar ɗaukar sauti a gindin turmi, ta juye yajin a kwano, wai yana danne ƙara, in daka haka nan. Na ce a gidanmu ba a dakan turmi wayam. Ta ce camfi ne. Kwana uku ana abu ɗaya: Gwaggo sake, Gwaggo kin yi sauri, Gwaggo yi irin na ɗazu. Bamisriyar da ke ƙasanmu ta yi ta zungurar silin da sanda, na sauka da ma'alish, wato ban haƙurinsu, da kwanon dambu.

Sannan ta kunna min abin da ita da mai gangar ajinsu suka haɗa. Ban kai rabi ba na ce ta kashe.

"Wannan ba daka ba ne, 'yata. Kafinta ne ke buga ƙusa."

Ta yi fushi, ta nuna min takarda cike da ɗige-ɗige, wai lissafinta daidai yake. Na ce takardar ba ta taɓa riƙe taɓarya ba. In da hatsi a ciki, bugun farko a dushe yake fita, taɓarya ta nutse, ka ɗan jira ta. Yana laushi hannu yana ƙara sauri. Kuma mutum biyu ake so, ɗaya ya shiga bayan ɗaya, ba a kansa ba.

Na zuba geron da na sayo a shagon 'yan Sudan, na miƙa mata muciya, tunda taɓarya ɗaya gare ni. Sau huɗu muna karo. A na biyar ta kama, ta tsaya baki buɗe. Na ce yalla, ci gaba, geron bai yi ba.

Ta yage shafi shida, ta sake rubutu. Malamin ya karɓa, amma ya ce ranar jarrabawa yana son turmin a kan dandamali, da mai dakansa. Ni da ko kasuwa sai an lallashe ni!

Na je, na daka gaban farfesoshi, ta ci. Ita ta bi abokanta shan shayi, ni na dawo a tasi da turmi a cinya, direba yana ta mita zan yaga masa kujera.