Faifan Madam a Barandar Alhaji

Ko na manta da sanyin Lyon, ba zan manta da ranar da abokin ɗakina ya yi kyauta da faifan da ba nasa ba.

Muna karatu a Villeurbanne, gefen Lyon, lokacin, mu biyu ɗaki ɗaya. Akwai wata dattijuwa 'yar Filifin mai sharar gidan ɗalibai, Madam muke ce mata. Kullum faifai ɗaya take ji tana aiki. Wasu mawaƙan ƙasarsu ne da suka rabu shekara da shekaru, suka sake haɗuwa suka yi wasa gaban jama'a, aka naɗa. Na ga hotonsu a kwalin faifan, tsofaffi huɗu sun rina gashi baƙi ƙirin, sun matse tumbi cikin farar kwat. Murya ta riga ta tafi, rabin waƙar ma 'yan kallo ke rera musu. Dariya kawai suke ba ni. Amma da yake bakina bai iya shiru ba, wata rana na ce mata waƙar da daɗi.

Washegari ta kawo mini aro. Kafin ta miƙo, ta sa mini ƙarshen waƙa ta uku. Cikin tafi wani ya yi fito mai tsawo. Ta ce, "Mijina ne, muna layi na biyu." Ashe ya rasu, kuma da hannunsa ya rubuta sunanta a kan faifan. Ta ce in mayar bayan kwana biyu.

A ranar wani Alhaji ɗan garinmu, mai shago a unguwar Goutte d'Or ta Paris, ya biyo Lyon ya leƙo mu. Abokin ɗakina ya daɗe yana lallaɓa shi don ya samu aiki. Shi abokin nawa mutum ne da takalmin ƙafarsa ma na aro ne, amma in yana magana sai ka rantse minista ne. Hira ta ƙare, Alhaji ya ɗaga kwalin faifan don dai a samu abin faɗi, ya ce abin nan da kyau. Gogan naku ya dafa ƙirji: "Ai naka ne, Alhaji."

Mu a gida an san yadda ake yi, ka yaba, a ce ka ɗauka, ka yi godiya ka ajiye. Alhaji kuwa ya zura shi aljihu. Ni ina riƙe da butar shayi, ina gani, kunyar babba ta ɗaure mini baki. Har yau in na tuna, haushin kaina nake ji.

Da ya tafi na ce, "Ka yi hauka?" Ya ɗaga kafaɗa: "Bon, faifai ne fa. Sai a sayo mata wani." Na ce rubutun mamacin ma a kanti za a sayo? Ya juya ga madubi yana gyaran gashi.

Mako uku ina bin matakalar baya don kada mu haɗu da Madam. Da abin ya ishe ni, na shiga jirgin ƙasa zuwa Paris, na nemi gidan Alhaji a Stains, can gefen birnin. Bayan doguwar gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya yi dariya ya ce, "Ni ina ruwana da kiɗa? Na karɓa ne don kada ɗan'uwanka ya ji kunya. Hajiya, ina abin nan mai ƙyalli?"

Faifan yana baranda. Hajiya ta ɗaure shi da zare yana lilo, don ya kori tantabaru daga kayan shanya. Kwalin tuni an zubar. Ruwa da rana sun cinye rubutun, harafi biyu suka rage.

Na kai wa Madam na faɗa mata komai. Ta goge shi da gefen rigarta ta sa. Waƙa ta uku ta kama, tana kaiwa wajen tafi ta maƙale, ba ta kai ga fiton ba. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce "Mersi," wato na gode, ta ɗauki bokitinta. Daga ranar shiru take shararta har na bar gidan.

Abokin ɗakina ko aikin bai samu ba. Ni kuwa na koyi cewa kunyar da za ta sa a zalunci wani tsoro ce kawai muka sa mata suna mai kyau. Mu maza uku kowa ya tsare mutuncinsa, Madam ce ta rasa rubutun mijinta.