Kawu Gambo Mai Lasar Katanga

Duk wanda ya san Kawu Gambo ya san harshensa ya fi ƙafarsa yawo. Dutse, toka, kanwar fataken Barno, ƙasar shuri, ba abin da bai lasa ba. Kun tuna ranar da muka raka shi garin Balan taya abokinsa murnar sabon soro? Maigida na nuna masa gini yana washe baki, sai Kawu ya matsa ya lashi katanga! Ya tofar, ya ce, "Da gishiri a ƙasar nan. Damina biyu zai cinye gindin ginin." Na ji kamar in nutse don kunya. Damina biyu kuwa soron ya zauna.

In ka kawo masa labari, ko na farashin gero ne, tambayarsa ɗaya ce: "Da ido ko da kunne?"

Ni ɗan ƙanwarsa ne, marini a Ajingi. Shekarar da na gaji ramukan rinin mahaifina, rini ya ƙi ni. In na tsoma zane sai ya fito toka-toka kamar bayan jaki. Masu kaya suka fara kwashewa, har na soma tunanin barin sana'ar ubana in bi ayari dako. Na rataya gorar ruwa na taka har Gaya.

Na same shi a bukkarsa ta bayan gida, tukwane jere, wannan alif, wannan farar wuta, wancan tsatsar ƙarfe a jiƙe. Ya karɓi gorata ya kurɓa, ya miƙo min.

"Kawu, me ke kashe min rini?"

"Ni boka ne? Ga tukwane uku. Baban rini iri ɗaya, ruwan rijiyarku, toka kaɗai za ka sauya. Mu haɗu bayan kwana bakwai."

Ni da wutar ciki! A tukunya ta uku na sauya toka, na ƙara kanwa, na kuma zuba ruwan rafi. Ƙyalle ya fito shuɗi har yana ɗaukar ido. Na kinkimo tukunyar a kan jaki ina murna.

"Madalla. Wa ya yi aikin, toka, kanwa ko ruwa?"

"Oho, ai dai ya yi!"

Wallahi a gabana ya tuntsurar da ita. "Sa'a ka taka, ɗan nan. Gobe in ta ƙi zuwa, wa za ka aika ya kira ta?"

Ranar ce ma matarsa, Gwaggo Hajo, ta shiga bukkar neman kanwar miya ta ɗebo alif. Loma ɗaya bakinmu ya ɗaure, ko salati ya gagara. Kowa na neman ruwa, shi kuwa sai ya ƙara loma yana lumshe ido.

"Hajo, kamar yaya kika zuba? Gobe zuba rabi mu gani."

"Malam, gobe ka ci tukwanenka!"

Wata biyu ina sauya abu ɗaya-ɗaya, ina zaginsa a zuci, matata na tambaya ko tukwane za mu ci mu ma. Toka ta fita daga zargi, kanwa ta fita. Da na zo kan ruwa, tukunyar rafi ta kama, ta rijiyarmu ta mutu. Na maimaita sau uku don kada ya sake tuntsurar min.

"Kawu, ruwa ne! Rijiyarmu ce ta yi zartsi!"

"Da ido ko da kunne?"

"Da ido!"

"Tun ranar da na kurɓi gorarka na sani."

Na kusa kuka don haushi. "Shi ne ka bar ni wata biyu?"

"Da na faɗa maka, rijiya ɗaya ka sani. Yanzu ko ina aka jefa ka za ka ci abinci."

Da wannan rinin na aurar da 'ya'yana duka.

Bayan shekaru, wata rana ina tsaye bakin rami hannuna shuɗi, maƙwabcinsa ya iso daga Gaya ya ce Kawu ya cika. Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba: "Da ido ko da kunne?"

Ya sunkuyar da kai. "Da ido. Ni na yi masa wanka."

Ban taɓa son amsar ta zama kunne ba sai ranar. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya shayar da shi ruwan da ba sai ya tofar ba. Amin.